Komawa Kufai: Yadda Ake Gyara Gidan da Rikici Ya Lalata

Wanda ya ga Bama ko Gwoza ko Dikwa bayan da aka ƙwato su daga hannun Boko Haram a 2015 ba zai manta kamannin unguwanninsu ba. Bangaye a tsaye, rufi babu. Baƙin hayaƙi ya lashi saman kowace taga, tumfafiya ta tsiro a tsakar ɗakin da ake kwana. Ƙididdigar da gwamnatin Najeriya ta yi tare da Bankin Duniya da Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2016 ta ce ɓarnar da aka yi a Arewa maso Gabas ta kusa dala biliyan 9, kuma Barno ce ta kwashi kaso mafi tsoka. Jihar ta kafa ma'aikatar sake gini da tsugunar da jama'a tun 2015, an kuma sa hannu kan dokar hukumar raya yankin, NEDC, a 2017. An gina gidaje da makarantu, ba a musu. Amma mafi yawan masu komawa da guminsu suke tayar da gidajensu, da ɗan abin da suka tara da gudummawar dangi. Su nake yi wa wannan rubutu.

Abin da nake son ya zauna maka a rai tun daga farko shi ne, tsayuwar bango ba ita ce lafiyarsa ba. Kuɗinka kaɗan ne, kuma ido zai ja ka zuwa kwano da fenti. Ka fara kashe su a kan abin da ido ba ya gani.

Kafin ƙafarka ta taka ƙofar gida

Kada ka shiga sai ka tabbata masu kwance bam sun bi unguwar. Tambayi Bulama ko Lawan, tambayi sojojin da ke garin ko 'yan sanda. Akwai kuma ƙungiyoyi irin su UNMAS da MAG da ke wayar da kan jama'a a kan wannan haɗari a Barno da Yobe da Adamawa. Idan suka kira taro, ka je, ka tafi da yara. Share babbar hanya ba share gidanka ba ne, don haka ka tambayi takamaiman layinku.

Ko an ce an share, shigar farko ta babba ce shi kaɗai, da rana tsaka, ba tare da yaro ba. Tsaya a bakin zaure ka ƙare wa wurin kallo. Waya da ta leƙo daga ƙasa, jarka ko tukunya ko tulun gas da ba ka san da su ba, wurin da ƙasa ta bambanta da ta kewayenta, ƙofar da aka ɗaure da igiya, ko wani abu mai kyau da aka ajiye a fili kamar yana jiran mai ɗauka, duk waɗannan dalilin komawa da baya ne. Ka bi sawunka na shigowa ka fita, ka sa alama daga nesa, ka kai rahoto. Ba a taɓawa, ba a jifa da dutse a gani, ba a ɗauka a kai wa hukuma.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cinna wa ciyawa wuta don a huta da sara. Harsashi da roka da suka shekara a cikin ciyawa ba su mutu ba, zafi suke jira. A sare ta sannu a hankali daga sama, ana ganin abin da ke ƙasa, da takalmi mai rufe ƙafa saboda kububuwa da kunama sun daɗe da mayar da kufai gidansu. Ka kuma ja wa yara kunne kan tsintar ƙarfe don sayar wa 'yan gwangwan. An yi asarar rayuka ta wannan hanya, a kan abin da bai kai kuɗin kwanon masara ba.

Idan ka tarar da ƙasusuwan mutum, kada ka kwashe ka binne a ɓoye don gudun dogon zance. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa tana riƙe da sunayen mutum fiye da 20,000 da suka ɓata a Najeriya, yawancinsu a wannan rikici. Wata uwa tana can tana jiran labari. Rufe wurin, sanar da mai unguwa da hukuma, a rubuta abin da aka gani na tufafi ko takarda, sannan a yi masa sutura.

Gidan na wa ne yanzu?

Mutane suna tsallake wannan mataki saboda kunya, daga baya ya dawo ya cinye musu gini. Maigidan da aka gudu da shi wataƙila ya rasu a sansani, gidan ya zama gado. Wataƙila wani ya shiga ya zauna shekara biyar har ya yi rufi. Wataƙila katangar da ta raba ku da maƙwabci ta kwanta, iyaka ta ɓace. Kafin ka sayi bulo ko ɗaya, a zauna gaban Bulama da dattawan da suka san unguwar, a nuna iyaka, a kafa turaku, a rubuta takarda kowa ya sa hannu. Idan akwai magada, a raba gado ko a rubuta yarjejeniya cewa wane ne ke gyara da kuɗinsa da kuma yadda za a lissafa masa. Haƙƙin marayu da matan da mazansu suka rasu ko suka ɓata shi ya fi saurin salwanta a irin wannan lokaci, kuma ginin da aka ɗora a kan haƙƙin maraya ba ya albarka. Wanda takardunsa suka ƙone ya nemi shaidar masu unguwa a rubuce, ya bi ta ƙaramar hukuma da ofishin filaye a sabunta masa.

Daga nan ka ɗauki hoton komai da wayarka kafin a kawar da ko tsinke: kowane ɗaki, kowace tsaga, daga nesa da kusa. Ranar da masu rajistar tallafi suka zo, gidan da aka riga aka share ba ya ba da shaida.

Karanta bango

Nan ne aikin yake, kuma nan zan daɗe. Kayan aikinka guduma ƙarama, igiya da aka ɗaura wa dutse, alli ko gawayi, da birkila mai gaskiya wanda ba ya neman aikin ya yi yawa. Abubuwa huɗu ne suka ci gidan, kowanne da irin tabonsa: wuta, fashewa, harsashi, da ruwan daminar shekarun da ya yi babu rufi.

Fara da wuta, domin ita ce mai yaudara. Baƙin hayaƙi ba shi ne abin tsoro ba, wankewa ake yi. Kankare filastar ka dubi launin kankaren da ke ƙasa. Idan ya koma ja-ja ko ruwan hoda, zafin da ya sha ya haura digiri 300, kuma ya fara rasa ƙarfinsa. Idan ya yi fari-fari kamar toka yana marmashewa a hannu, ya gama aiki. Ƙwanƙwasa shi da guduma: lafiyayyen kankare yana amsawa da ƙara mai kaifi, wanda ya ƙone kuwa sai ka ji shi kamar ka bugi ƙwarya. Bi linta, wato kankaren da ke saman ƙofa da taga, ɗaya bayan ɗaya, bi ginshiƙai, ka zagaye duk inda ya yi wannan amo da alli. Ka fi mai da hankali a saman ƙofofi da tagogi, nan harshen wuta ke fita, da ɗakin da aka ajiye katifu ko hatsi ko mai, domin nan wutar ta fi daɗewa.

Na tsaya a kan wani gida da mai shi, dattijo ne, ya riga ya sayi bandir biyu na kwano da kuɗin da 'ya'yansa suka haɗa masa. Ya dafa lintar ɗakinsa ya ce, "Ɗana, wannan ai da idona aka zuba ta, rodi huɗu ne a ciki." Na ce, "Baba, a ba ni izini in ƙwanƙwasa." Bugu na biyu wani ɓamɓaro kamar tafin hannu ya faɗo, cikinsa jawur, rodin ya bayyana ya rabu da kankaren har ana iya zura ɗan yatsa a bayansa. Ya daɗe yana juya ɓamɓaron a hannunsa bai ce komai ba, sannan ya ce a sauke ta. Da an ɗora rufi a kanta, a ƙarƙashinta jikokinsa za su riƙa wucewa safe da yamma.

Fashewa kuwa tura bango take yi. Hau saman bango ka saki igiyarka mai dutse, ka duba ko tazarar da ke tsakaninta da bango ɗaya ce sama da ƙasa. Bangon ɗaki da ya karkace da faɗin yatsu biyu, ko ya yi ciki a tsakiya, na saukewa ne. Duba kusurwoyi ma, inda bango biyu suka haɗu. Idan sun saki juna har haske na ratsawa, ɗaurin gidan ya kwance.

Tsaga iri-iri ce. Siririya kamar gashi da ta tsaya a filasta ba komai ba ce. Wadda ta ratsa bango har ana ganinta ta ɗaya gefen, ko ta tafi a karkace tana bin layin bulo kamar matakala, ko ta fi milimita 5 faɗi, wato fensir na neman shiga, wannan sai an bincika tushenta. Ga dabara mai sauƙi: shafa ɗan siminti siriri a kan tsagar a wuri biyu ko uku, ka rubuta kwanan wata a gefe. Bayan mako uku ko huɗu ka dawo. Idan shafin ya tsage, bangon yana motsi har yanzu, matsalar tana ƙasa a harsashin gini, kuma toshe ta ɓarnar siminti ce. Mutanen Dikwa da Ngala da Marte su ƙara lura, saboda baƙar ƙasar firgi tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana ɗaga gini tana saukewa. Gidan da ya shekara ruwa na kwanciya a cikinsa a irin wannan ƙasa ya sha wuya daga ƙasa fiye da yadda ake gani a sama.

Ramin harsashi shi ne ya fi tayar da hankali a ido, shi ne kuma mafi sauƙin gyara, muddin bai sami ginshiƙi ya yanke rodi ba. Abu ɗaya: idan ka hangi wani ƙarfe babba a maƙale cikin bango, kada ka ciro shi. Koma matakin farko.

Idan ka gama, raba gidan uku da alli: abin da za a bari, abin da za a gyara, abin da za a rushe. Wannan duka na gida ne mara bene. Bene, ko gida mai rufin kankare, ko masallaci da aji da za su ɗauki jama'a, ba aikin ido da guduma ba ne. A nemo injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya. Idan kuɗinsa ya yi wa mutum ɗaya yawa, maƙwabta biyar su haɗa su ɗauko shi yini ɗaya ya zagaya gidajensu.

Tokara, sauke, ware

Duk abin da ke lilo a sama a tokare shi da katako mai kauri kafin kowa ya yi aiki a ƙarƙashinsa, a kuma sa faffaɗan katako a ƙasan tokarar don kada ta nutse. Rushewa daga sama ake farawa, layi bayan layi. Kada a sassare gindin bango a tura shi. Haka ake danne lebura.

Tarkacen ma dukiya ne idan an ware shi. Bulon da ya fita lafiya, wanda ba ya marmashewa idan an kankare shi da ƙusa, zai yi katanga. Fasassun a cike ƙasan daɓe da su a daddage. Amma kada a farfasa su a zuba a kankaren linta a madadin tsakuwa. Rodin da ya sha wuta ko ya lanƙwashe kada a miƙe shi a mayar. Kwanon da ya ƙone ya rasa rufin da ke hana shi tsatsa, damina ɗaya zuwa biyu zai huje. A yi rumfar awaki da shi. A tsofaffin gidajen gwamnati da makarantu za ka iya samun silin ko rufin asbestos, mai kama da siminti. Ƙurarsa tana lalata huhu bayan shekaru. A jiƙa shi da ruwa, a rufe hanci, a ɗauke shi ba tare da farfasawa ba, a binne nesa da gida.

Tayar da bango

Inda bulo ya tsage, a cire tsagaggun a saka sababbi suna cije da tsofaffin, haƙori da haƙori, ba a jingina sabon bango da tsoho kai tsaye ba. Tsagar da ta daina motsi a buɗe ta da kurfi, a wanke, a kwantar da gajerun rodi a layin kwaɓin da ke tsakanin bulo su ratsa ta da kamar rabin mita kowane gefe, a cike, sannan a shimfiɗa ragar waya kafin filasta. Kankaren da ya ɓamɓare kaɗan a sassaƙe shi har a isa mai ƙarfi, a goge tsatsar rodi da burushin ƙarfe, a jiƙa, a shafa ruwan siminti, a cike da kwaɓi mai ƙarfi. Lintar da ta ƙone kuwa sabuwa ake zubawa.

Awon da aka saba da shi ga linta da ginshiƙi shi ne 1:2:4, wato buhun siminti ɗaya mai kilo 50, kwanon gini huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Kwaɓin jera bulo, siminti ɗaya yashi shida. Ka tsaya a wurin da kanka lokacin kwaɓi. Bulon kasuwa kuma ka gwada shi: ɗaga shi zuwa ƙugu ka saki a ƙasa mai tauri, idan ya watse ka bar shi, araha ba ta ado. Yashin da ka damƙa ya bar maka laka a tafin hannu yana da ƙasa, zai raunana kwaɓi. Simintin da ya yi gudaji masu tauri ya sha danshi.

Sai ban ruwa, wanda a ganina shi ne abin da aka fi tauye wa gini a yankinmu. A watan Afrilu da Mayu zafin Barno yana haura digiri 40, kankaren da aka zuba da hantsi kafin la'asar ya bushe bai nuna ba. A zuba da sassafe ko da yamma, a lulluɓe da buhunan da aka jiƙa, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma kwana 7 aƙalla. Sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Na san ruwa saye ake yi a wurin 'yan garuwa, amma ka sa kuɗinsa a lissafi kamar yadda ka sa na siminti. Tokarar ƙarƙashin linta ta yi mako biyu kafin a cire.

Idan da hali, a zagaye saman bangayen duka da ɗamarar kankare mai rodi a ciki. Ita ce za ta sake ɗaure tsohon bango da sabo su zama jiki ɗaya. Tun tana ɗanya a dasa ƙarafan da za a ɗaure katakon rufi da su.

Gidan ƙasa hukuncinsa daban. Wuta ba ta cika kashe bangon ƙasa ba, ruwa ne ajalinsa. Duba samansa inda damina ta zaizaye, da gindinsa inda ruwa ya ci ya shiga ciki. Idan gindin ya cinye har kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, a sauke. Idan da sauransa, a kankare ruɓaɓɓen har a isa mai tauri, a yayyafa ruwa, a cike da tubali da kwaɓaɓɓiyar ƙasa irin tasa, wadda aka cuɗa da ciyawa aka bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. Kada a yi masa filastar siminti kai tsaye. Tana kulle danshi a ciki, wata rana ta ɓalle da fatar bangon gaba ɗaya. Yaɓe da makuba ya fi dacewa da shi. Azara kuma a soka mata wuƙa a ƙarshenta da ke cikin bango, domin nan gara ke fara ci.

Rufi, kafin hadarin farko

Lissafin lokacinka duka ya rataya a nan. Fara aiki bayan kaka, ka yi niyyar rufi ya hau kafin ƙarshen Mayu, saboda iskar farkon damina ita ce mai yaye kwano. A shafe katako da maganin gara ko baƙin mai kafin a ɗora. A ɗaure shi da ƙarafan da aka dasa, ba ƙusa kaɗai ba, ba kuma jera duwatsu a kan kwano ba. Ƙusar kwano a kan tudu ake buga ta, ba a cikin kwari inda ruwa ke bi ba, a kuma ƙara yawanta a gefuna da kusurwoyi inda iska ke fara kamawa. Indararo ya zubar da ruwa nesa da gindin bango, a yi ɗan dakali mai gangara a zagaye gidan.

Idan kuɗi ba su kai ba, kada ka baza su a ɗaki huɗu kowanne rabi. Gama ɗaki ɗaya tsaf da ƙofarsa, da bayi, da katanga. Sauran bangayen a rufe samansu da ɗan kwaɓi ko leda don kada damina ta ƙara ci. Katanga ba ado ba ce. Matan gida ba za su sake ba sai da ita. A ƙauyen Ngarannam na ƙaramar hukumar Mafa, wanda aka sake ginawa tare da hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya aka buɗe a 2022, mai zanen Tosin Oshinowo ta zauna da mutanen garin kafin ta zana, kuma gidajen sun fito da zaurensu. Kai ma ka tambayi uwargida inda take son madafa da ƙofar bayi kafin birkila ya ja igiya.

Rijiya, masai da wayar wuta

Kada a sha ruwan tsohuwar rijiya, kada kuma a zura yaro ya yashe ta. An jefa abubuwa da yawa a rijiyoyi a shekarun nan, har da makamai da gawa, kuma iskar ƙasan rijiyar da ta daɗe a rufe tana kisa. Bayan jami'an tsaro sun duba, masu haƙar rijiya su kwashe ruwan da lakar, a gyara bakinta, ma'aikatan lafiya su zuba sinadarin kulorin, a sake kwashewa kafin a fara sha. Kwalara ta sha ɓarkewa a Barno, kuma ta nan take shigowa. Tsohon masai a gwada murfinsa da dogon sanda kafin a taka. Idan ya tsage a cike ramin a haƙa sabo, nesa da rijiya da mita 30, ta ɓangaren gangara. Wayar lantarkin da wuta ta bi ta kanta a zare ta duka, ko da rabinta yana da kyan gani.

Filastar waje da fenti su jira. Bari gidan ya sha damina ɗaya da rufinsa. A watan Oktoba ka ɗauki allinka ka sake zagayawa: duba shafin simintin da ka yi a kan tsagogi, duba mahaɗar tsohon bango da sabo, duba silin ko akwai tabon yoyo, duba gindin katanga ta waje. Inda ka ga sabuwar tsaga ka yi mata alama da kwanan wata, ka kira birkila ya tona gefen harsashin ginin wurin ya gani. Inda babu, sai a kwaɓa filasta.